Ƙusa, Noti da Jirgin Fito: Tarihin Zaren Ƙarfe a Arewacin Zamfara

Ƙasar da ta haɗa Kuryar Madaro da Ƙauran Namoda da Zurmi da Shinkafi ba ƙasar manyan jiragen ruwa ba ce, domin koguna biyu da suka ratsa ta, wato Gagare wanda ya bi ta gefen Ƙauran Namoda, da Bunsuru wanda ya gangaro daga ƙasar Katsina ya bi ta Zurmi, koguna ne na damina, waɗanda suke cika su tumbatsa idan ruwa ya zauna, sannan su janye su bar rairayi da 'yan tafkuna idan rani ya yi nisa, kafin su haɗu can arewa su zama kogin Rima. Duk da haka, a watannin da ruwa ya yi yawa jirgin fito shi ne ke haɗa ƙauye da gonarsa, ya haɗa mai kaya da kasuwa, kuma mafi yawan jiragen da ke wannan aiki tsofaffi ne, an gyara su an sake gyarawa, wasu ma an ɗora musu injinan da suka girme su. Idan noti ɗaya ya karye a jikin irin wannan inji, mai jirgin kan iya zagaye shagunan kayan ƙarfe na gari guda bai sami wanda zai hau gurbinsa ba, alhali kowane shago cike yake da notuna masu kama da shi. Dalilin haka ba ƙarancin ƙarfe ba ne. Tsarin awo iri uku ne daga ƙasashe daban-daban suka iso yankin a zamuna daban-daban, kowanne ya bar kayansa, ba kuwa wanda ya kwashe na wanda ya gada.

Kafin zuwan Turawa sana'ar jirgi a ƙasar Hausa ba ta bukatar noti ko kaɗan. Masassaƙi kan sami gungumen itace mai kauri, kamar maɗaci ko rimi, ya rarake cikinsa da gizago har ya zama kwalekwale, wanda ba shi da mahaɗi balle a yi tunanin abin da zai riƙe shi, kuma a wuraren da babu manyan itatuwa mutane kan haye ruwa a kan manyan goruna, kamar yadda masuntan Kabi suke yi har yanzu. Inda aka bukaci jirgi mai girman da ya wuce itace guda, kamar a kogin Kwara tsakanin Jenne da Tumbutu, ɗinke katakai ake yi da igiya a toshe kafofin, kuma irin wannan jirgi ne matafiyin Faransa René Caillié ya shiga a 1828 a kan hanyarsa ta zuwa Tumbutu. Idan kwalekwale ya tsage, wurin maƙeri ake zuwa, shi kuwa ya ƙera 'yan ƙarafa masu ƙafa biyu a kafa su a kan tsagar su kama gefe da gefe, sannan a cusa tsumma a cikin abin da ya rage. Abin lura a nan shi ne, dukkan ilimin da ake bukata domin haɗa jirgi da gyara shi yana cikin gari ɗaya, tsakanin masassaƙi da maƙeri da mai fito, kuma kowannensu na iya ganin aikin ɗan'uwansa ya faɗa masa inda ya gaza.

Maƙeran wannan yanki ba baƙi ba ne ga aikin ƙarfe mai wuya. Zamfara tsohuwar ƙasa ce ta noma da yaƙi, Kuryar Madaro kanta tana cikin wuraren da tarihi ya ambata cewa sarakunan Zamfara sun zauna bayan Gobirawa sun ci Birnin Zamfara a ƙarni na 18, kuma dakarun da suka fita daga yankin Zurmi ƙarƙashin Namoda suna cikin waɗanda suka yi yaƙin Alƙalawa a 1808. Garma da fartanya da takobi da linzami duk daga maƙerar gida suke fitowa, daga tamar da aka haƙo aka narke a nan ƙasar. Sai dai kayan aikin maƙeri, wato uwar maƙera da masaba da awartaki da zugazugi da magagari, an yi su ne domin ƙarfen da ake dukansa da zafi a lanƙwasa shi, a fiƙe shi, ko a daddale kansa. Ƙusa na cikin ikon wannan fasaha, domin ba ta bukatar ta yi daidai da wata ƙusa. Ana kafa ta, a lanƙwashe tsininta a bayan katako, ta riƙe har iya rayuwar jirgin. Noti kuwa wani abu ne daban, domin amfaninsa gaba ɗaya ya rataya ne a kan dacewar abubuwa biyu waɗanda mai yiwuwa ba hannu ɗaya ya yi su ba.

Abin da ake kira noti a bakin makanikai kashi biyu ne: namiji, wato sandar ƙarfe mai kai, da mace, wato zoben da ake murzawa a kansa. Zaren noti shi ne tudun nan siriri da ya nannaɗe jikin namijin kamar hawan bene mai zagaye, tare da kwarin da ya yi daidai da shi a cikin macen. Abubuwa uku ne suke tabbatar da ko namiji da mace za su dace: kaurin sandar, da tazarar da ke tsakanin zare da zare, wadda mutanen Ingila suke aunawa ta hanyar ƙirga yawan zare a inci ɗaya, sauran Turai kuma suke aunawa da milimita, sai kuma kusurwar da gefunan zaren suka yi, wadda ake aunawa da digiri. Idan ɗaya daga cikin ukun nan ya saɓa, ko dai notin ya ƙi shiga, ko ya shiga zagaye biyu ya cije, ko kuma, wanda ya fi haɗari, ya shiga kamar ya dace alhali ƙarshen zaren kawai yake taɓawa.

Har zuwa farkon ƙarni na 19 kowace masana'anta a Ingila nata zaren take yankawa, ta yadda notin wani inji ba ya hawa wani injin ko da a gari ɗaya aka ƙera su. Henry Maudslay ne, wajen shekarar 1800, ya kyautata injin da ke juya sandar ƙarfe yana yanka mata zare iri ɗaya a kowane lokaci, sannan Joseph Whitworth, wanda ya taɓa aiki a masana'antar Maudslay, ya tattara notuna daga masana'antu da yawa ya auna su, ya gabatar da tsari guda a 1841: kusurwar digiri 55, tudu da kwari masu 'yar lanƙwasa maimakon tsini, da ƙayyadadden yawan zare ga kowane kauri. Kamfanonin jirgin ƙasa suka karɓe shi, rundunar ruwan Ingila ta ga amfaninsa lokacin yaƙin Kirimiya a shekarun 1850, sa'ad da aka rarraba wa masana'antu daban-daban aikin sassan injinan ƙananan jiragen yaƙi aka kuma haɗa su suka dace. A 1908 aka ƙara masa ƙani mai zare matsattse, wanda ake rubutawa BSF, domin injinan da ke girgiza da yawa, shi kuwa na asali ake rubuta shi BSW.

Amurka ba ta bi ba. A 1864 William Sellers na birnin Filadelfiya ya kawo tsarin da ke da kusurwar digiri 60 da tudu mai shafaffen kai, bisa hujjar cewa ya fi sauƙin yankawa ga ma'aikacin da bai ƙware sosai ba, masana'antun ƙasar kuma suka ɗauka. A nahiyar Turai, inda ake awo da mita, an yi taro a Zurik a 1898 aka amince da zare mai digiri 60 shi ma, amma kaurinsa da tazararsa duk da milimita. Kafin Ingila ta ci Sakkwato a 1903, ke nan, duniya ta riga ta rabu gida uku a kan wannan ɗan ƙaramin abu.

Ta ruwa zaren Ingila ya fara shigowa ƙasar da ta zama Nijeriya. Jirgin tururi mai suna Pleiad ya hau Binuwai a 1854 ƙarƙashin William Baikie, wani kuma mai suna Dayspring ya farfashe a kan duwatsun Jebba a 1857, daga baya kamfanonin ciniki da gwamnatin mulkin mallaka suka cika Kwara da Binuwai da jirage, Lakwaja ta zama mazaunin masu gyaransu. Amma arewacin Zamfara ya yi nisa da wannan hanya, kuma ba ta ruwa noti ya iso shi da yawa ba, ta dogo ya zo. Layin jirgin ƙasa ya isa Kano a 1911, reshen da ya tashi daga Zariya ya bi ta Funtuwa da Gusau kuma ya ƙare a Ƙauran Namoda a 1929, garin ya zama ƙarshen dogo kuma matattarar gyaɗa da auduga da fatu daga Zurmi da Shinkafi da Isa da ƙauyukan da ke kewaye. Kowane mahaɗin dogo faranti biyu ne na ƙarfe da manyan notuna suka matse, kowane tarago da tankin ruwa da sikelin awon gyaɗa da notuna aka haɗa shi, kuma da yake ta hannun wakilan gwamnatin Ingila da ke Landan ake sayo kayan gwamnatocin mulkin mallaka, awon inci da zaren Whitworth ne suka zama abin da ma'aikacin reluwe da na ma'aikatar ayyuka ya buɗe ido ya gani.

Bayan dogo sai kantuna. Kamfanonin ciniki irin su UAC da John Holt suka kawo keke da keken ɗinki da fitila da kwano, daga baya injin niƙa da famfon ruwa. Injin dizal na Lister, wanda ake ƙerawa a garin Dursley na Ingila, mai silinda ɗaya da manyan ƙafafun juyi, ya shahara a wuraren niƙa saboda jimirinsa, kuma notunansa na Whitworth ne da BSF. Da masana'antun Indiya suka shiga kwaikwayonsa, musamman a birnin Rajkot, sai suka kwaikwaye shi har da zarensa, abin da ya tsawaita rayuwar wannan awo shekaru da yawa bayan masu shi sun bar shi. Keke ma da nasa zaren na musamman, mai 26 a inci ɗaya a mafi yawan sassansa, kuma duk mai gyaran keke ya san fedar hagu ta hagu ake ɗaure ta, domin kada juyin ƙafa ya kwance ta. A wannan zamani ne narkar da tama ta mutu a ƙasar Hausa, saboda guntayen dogo da sifirin mota da ganga sun fi araha kuma sun fi sauƙin samu. Maƙeri ya sami ƙarfe mai yawa fiye da yadda kakansa ya taɓa gani, amma ya rasa wani yanki na aikinsa, domin abin da ke riƙe sababbin injina a wata ƙasa ake yanka shi bisa awon da babu wanda ya shawarce shi a kansa.

Yankin yana da wata siffa da ta bambanta shi da tsakiyar Nijeriya, ita ce kusancinsa da iyaka. Yarjejeniyoyin Ingila da Faransa na 1898 da 1904 da 1906 sun ja layi a arewa da Zurmi, suka bar Maraɗi a hannun Faransa, inda motocin Berliet da Renault da duk kayan gwamnati da milimita aka auna su. Fatauci tsakanin Maraɗi da Shinkafi da Ƙauran Namoda bai tsaya saboda layin ba, gyaɗar kudancin Nijar ma ta daɗe tana bin dogon Nijeriya zuwa teku, saboda haka makanikan wannan yanki sun san cewa akwai notin Faransa da notin Ingila tun kafin gwamnati ta yi maganar sauya awo.

Yaƙin duniya na biyu ya tona asirin wannan rarrabuwa, domin kayan yaƙin Amurka da na Ingila sun haɗu a fage ɗaya notunansu ba sa musanyuwa, har injin jirgin sama na Merlin da kamfanin Packard ya ƙera a Amurka sai da aka tanadi kayan yankan zaren Ingila domin shi. Bayan yaƙi Amurka da Ingila da Kanada suka daidaita a kan tsarin haɗaka na inci mai digiri 60, wanda ya fara aiki a 1949, mai faɗin zare ana rubuta shi UNC, matsattse kuma UNF. Masu ƙera motocin Ingila suka koma kansa a shekarun 1950, amma sannu a hankali, ta yadda tsohuwar Land Rover guda kan ɗauki zare iri biyu ko uku a jikinta. Ba a daɗe ba, a 1965 Ingila ta bayyana aniyar komawa awon mita, hukumar ƙa'idojinta kuma ta ɗauki Whitworth a matsayin tsarin da za a daina amfani da shi a sababbin ƙira. Nijeriya ta bi sahu cikin 'yan shekarun da ta sauya abubuwa da dama: tuƙi ya koma hannun dama a 1972, naira ta maye gurbin fam a 1973, dokar awo ta 1974 ta tabbatar da mita da kilo da lita. Kamfanin Peugeot ya fara haɗa motoci a Kaduna a 1975, baburan Honda da Yamaha da Suzuki suka cika ƙauyuka, daga baya kayan Sin suka biyo, dukkansu da milimita. Doka ta sauya abin da ake shigowa da shi, amma ba ta taɓa injin da ke aiki a gindin bishiya ba, kuma a ƙasar da ba a jefar da inji sai ya mutu murus, tsohon awo ya ci gaba da rayuwa ba tare da mai sayar masa da kayan gyara ba.

A jikin tsohon jirgin katako ake ganin wannan tarihi a jere. Katakan jikinsa da ƙusa aka haɗa su, wani lokaci ƙusar kanti, wani lokaci ta maƙeri wadda aka yanko daga tsohon ƙarfe, kamar yadda maƙeran bakin kogi a Mopti ta ƙasar Mali suke yi wa manyan jiragensu har yau, kuma wannan ɓangare ba ya ba kowa wahala. Wahalar tana farawa ne daga inda inji ya shigo: katakon baya da ake rataya injin, da ƙafafun da aka ɗaure shi a kai, da sandar farfela da macen notin da ke riƙe ta, da murfin silinda. Injin ratayawa na Johnson ko Evinrude na Amurka da zaren inci na haɗaka yake, na British Seagull da tsofaffin zarurrukan Ingila, na Yamaha, wanda kamfanin ya fara ƙerawa a 1960 kuma ya mamaye Kwara da tafkin Kainji, da milimita. Jiragen da ake gani a ƙananan koguna da madatsun ruwa irin su Bakolori da Goronyo sau da yawa sun yi hannu biyu ko uku kafin su iso, kuma kowane mai gyara da suka bi ta hannunsa ya sa abin da ya samu a ranar.

Misalin noti mai kaurin rabin inci ya isa ya nuna girman rikicin. A tsarin Whitworth zare 12 ne a inci ɗaya, a BSF 16, a UNC 13, a UNF 20, na kusa da shi kuma a awon mita shi ne M12, mai kaurin milimita 12 da tazarar milimita 1.75, alhali rabin inci milimita 12.7 ne. Idan aka zube biyar ɗin nan a tafin hannu, ido ba zai raba na 12 da na 13 ba sai an ƙirga. A ƙananan kauri abin ya fi yaudara, domin Whitworth da UNC yawan zarensu ɗaya ne: 20 a rubu'in inci, 18 a kashi biyar cikin sha shida, 16 a kashi uku cikin takwas. Macen ɗaya takan hau namijin ɗaya, makanike ya ɗaure ya tafi, amma da yake kusurwar ɗaya 55 ce ta ɗayan 60, gefunan zaren ba sa kwanciya a kan juna sosai, kuma a wurin da inji ke girgiza dare da rana irin wannan haɗi shi ne ke fara sakewa. Haka nan M8 da kashi biyar cikin sha shida na inci kaurinsu kusan ɗaya ne, bambancin bai kai kashi ɗaya cikin goma na milimita ba, amma tazarar ɗaya 1.25 ce ta ɗayan ta ɗan haura 1.4; notin zai shiga da daɗi da farko, ya cije, wanda bai sani ba ya ƙara ƙarfi da sufana, ya cinye zaren da ke cikin jikin injin, wanda shi ne ɓangaren da ba a saye a kanti.

Yadda ake kiran noti a kasuwa ya ƙara dagula lamarin. Makanikai da masu shago da lambar sufana suke ciniki, a ce noti mai lamba 10 ko 13 ko 17, wato faɗin kansa da milimita, alhali kai ba ya faɗin komai tabbatacce game da zare. Noti M8 na Turai da sufana 13 ake kwance shi, na Japan mai zare iri ɗaya da 12. M10 kan zo da kai 17 ko 16 ko 14 gwargwadon inda aka ƙera shi. Sufanun Whitworth kuwa lambar da aka buga a jikinsu ta kaurin sandar ce, ba ta faɗin kai ba, kuma lokacin yaƙin duniya na biyu an rage girman kawunan domin tattalin ƙarfe, shi ya sa ake samun tsohuwar sufana mai lamba biyu a baki ɗaya. Babu sufanar milimita da ke zama daidai a kan mafi yawan waɗannan kawuna, saboda haka tsofaffin notunan Ingila da ake gani a yau galibi kusurwoyinsu sun lashe, an kwance su da kurfi da guduma.

Wanda ya san aikin ba ya tafiya neman noti da baki kawai. Karyayyen yake ɗauka, ko macen da ta fito daga kansa. Mai shago na gari kan ɗauki sabo ya kwantar da shi a jikin tsohon, zare cikin zare, ya ɗaga su sama ya duba: idan haske bai ratsa tsakani ba tazararsu ɗaya ce, idan kuwa suka fara daidai suka rabu bayan zare huɗu ko biyar, to ba gida ɗaya suka fito ba. Kan notin ma shaida ne, domin lamba irin 8.8 ko 10.9 alamar awon mita ce kuma tana nuna ƙarfin ƙarfen, 'yan layuka uku ko shida da suka fito daga tsakiya alamar tsarin Amurka ce, tsohon na Ingila kuwa sau da yawa sunan masana'anta ne a kansa ko harafi guda. Akwai ma'aunin zare, wasu 'yan faifan ƙarfe masu haƙora da ake gwadawa ɗaya bayan ɗaya, amma ba kowane shago ke da shi ba. Idan Ƙauran Namoda ta gaza sai Gusau, idan Gusau ta gaza sai Ƙofar Ruwa a Kano ko Fanteka a Kaduna, kuma a can ma ba wurin masu sabon kaya ake dacewa ba, wurin 'yan gwangwan ne, waɗanda suke farfasa matattun injina suna tara notunansu a bokiti. Su ne ainihin ma'ajiyar tsohon awo a arewacin Nijeriya, ko da yake ma'ajiya ce mai ƙarewa, tun da abin da bai sami mai saye ba a kilo ake auna shi a kai shi narkewa.

Idan nema ya ci tura, sai a koma wurin mai injin yankan ƙarfe, jikan injin Maudslay, wanda zai iya ɗaukar sandar ƙarfe ya yanka mata kowane irin zare muddin yana da giyar da ta dace da yawan zaren da kuma wuƙar da aka wasa a kusurwar da ake so. Nan ne ƙwarewa ke bayyana, domin da yawa wuƙa ɗaya ce da su mai digiri 60, da ita suke yanka komai. Hanya ta biyu, wadda aka fi bi, ita ce a huda tsohon ramin ya ɗan ƙara faɗi, a yanka masa sabon zare na milimita, ta yadda nan gaba kowane shago zai iya biyan bukata. Wannan dabara ce mai kyau inda naman ƙarfen ke da kauri, amma a jikin alminiyon injin ratayawa, inda bango siriri ne kuma hanyar ruwan sanyaya inji na kusa, takan jawo ɓarnar da ta fi ta farko. Idan namijin ya karye a cikin rami, mai walda kan liƙa mace a kan guntun, zafin ya saki tsatsar, a murɗo shi. Akwai kuma masu gajen haƙuri da ke walde abin da ya kamata a ɗaure, su magance matsalar yau su hana duk wani gyara na gobe.

Dacewar zare rabin magana ce a aikin jirgi, sauran rabin irin ƙarfen ne. Baƙin ƙarfe a cikin jiƙaƙƙen katako yakan yi tsatsa, tsatsar ta baƙanta itacen ta ruɓar da shi a kewayen ramin har notin ya yi sako-sako, shi ya sa masu ƙera jiragen Turai suka fi son jan ƙarfe da tagulla, ko ƙarfen da aka tsoma a narkakkiyar tutiya. Ƙarfe marar tsatsa, wanda ake buga wa alamar A2 ko A4, yana da kyau inda iska ke samunsa, amma idan aka binne shi a cikin katakon da ba ya bushewa yakan ci ta ciki ba a gani ba. Haɗa ƙarfe iri biyu a cikin ruwa kuma yana haifar da 'yar wutar lantarki mai cinye wanda ya fi rauni a cikinsu, kamar yadda notin tagulla ke cin alminiyo. Ruwan Gagare da Bunsuru ba na gishiri ba ne, saboda haka wannan ciwo ba ya sauri kamar a bakin teku, amma zaman jirgi wata da watanni a kan rairayi da rani, katako ya bushe ya tsuke sannan ya kumbura da damina, yana sassauta noti fiye da yadda yake sassauta ƙusar da aka lanƙwashe tsininta. A jikin katako, ke nan, tsohuwar hanyar maƙeri ba ta gaza sabuwar ba, kuma mai gyaran da ya sa noti a inda ƙusa za ta wadatar ya saya wa kansa dogaro da kasuwa mai nisa ba tare da riba ba.

An yi yunƙurin samar da ƙarfe da injina a cikin gida: an fara ginin Ajakuta a ƙarshen shekarun 1970, an kafa masana'antun murza ƙarfe a Katsina da Jos da Oshogbo, a Ƙauran Namoda kuma an buɗe kwalejin kimiyya da fasaha ta tarayya a 1983. Amma notin da ke cikin shagunan yankin har yanzu mafi yawansa daga waje yake zuwa, jirgin ƙasan da ya fara kawo shi ya daɗe da daina zuwa a kai a kai, rashin tsaro kuma ya mayar da tafiyar da a da ake yi a wuni ɗaya abin da ake shawara kafin a yi, musamman a lokuta irin na 2021 da aka rufe kasuwannin mako-mako aka yanke layukan waya a jihar Zamfara.

Akwai wurin da zaren Whitworth bai tsufa ba, wato bututun ruwa. Zaren bututu na Ingila, wanda ake rubutawa BSP, yana nan da kusurwarsa ta digiri 55, kuma ƙungiyar ƙa'idoji ta duniya ta karɓe shi kamar yadda yake, saboda haka kan famfo da mahaɗin bututun rijiyar burtsatse da bakin injin ban ruwa da manoman fadamar Shinkafi ke saye sabo, ko daga Sin ya zo ko daga Indiya, da rabin inci da inci ɗaya da inci biyu ake kiransa. Sai dai lambar tasa ta faɗin cikin bututu ce ta asali, yawan zarensa kuma daban ne, 14 a inci ga na rabin inci, don haka ba ya hawa gurbin noti; abin da yake iya yi wa tsohon injin jirgi shi ne toshe mafitar ruwa ko ta mai, inda masu ƙera injinan Ingila tun farko da shi suka yi amfani.